Biyar Ɗin da Yaya Ya Zaɓa

Daga sansanin horo, kan dutse

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka mai sanar da kai za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba. Ka gaishe min da Mama da Nas. Koci ya kwashe wayoyinmu ya kulle a akwatinsa har sai mun sauko, shi ya sa na koma wa takarda, kamar yadda kake rubuto min a da, lokacin kana yawon tseren keke ni kuma ina makaranta.

Albishirinka! Jiya bayan mun karya, manaja ya miƙe a gaban kowa ya ce bana ni ne jagoran ƙungiya a Babban Tsere. Ni, Autanku! Mako uku sauran mahaya za su yi suna tare min iska, suna ɗauko min gorar ruwa daga mota, in tayata ta fashe wani ya sauka ya ba ni kekensa. Kai na fara tunawa. Na ce ashe aikin da Yaya ya yi wa wasu shekara da shekaru ke nan, yau ga shi ana yi wa ƙaninsa. Har na ba su labarinka, yadda kake cusa goruna a riga har ka koma kamar mai ciki. Suka yi ta dariya har da ƙwalla.

Na san makon nan kana can ɗakinka na saman shagon faci, kana fitar da mutum biyar ɗin da jaridarku ke bugawa duk shekara, waɗanda kake ganin a cikinsu za a sami zakara. Bari in rage maka aiki. Dogo yana nan yadda ka san shi, a zangon da kowa ke gudu shi kaɗai da agogo ba mai kamo shi, amma rana na yin zafi ya narke. Jan Gemu ƙafa ta fara tsufa, sai dai wayo ya ƙaru. Sauran ka cike da kanka, amma ka bar min wuri, ni Tsattsewa, ko da na biyar ne. Mama za ta so ta yanke shafin ta ajiye.

Yanzu ga wata magana, tsakanina da kai ce, ko maman Kumatu ban gaya wa ba. Tun da aka haifi yarinyar nan hannuna ya canza. In muka hau dutse muka juya gangara, musamman in titi ya jiƙe, sai in ji yatsuna sun damƙe birki ba da izinina ba. Kumatunta nake gani a kowace kwana. Ni da gangara ta sa aka laƙaba min Tsattsewa! A horo ina ɓoyewa, in ce sababbin tayoyi nake gwadawa, kuma har yanzu koci bai farga ba. Kai ka koya min saukowa a gangarar bayan masana'antar bulo. Ka gaya min yadda zan yi.

Ka huta lafiya. Naka har kullum,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso, na kuma karanta. Mama lafiya, Nas lafiya, gwiwa ma ta gode da tambaya.

Ina taya ka murna da jagoranci. Kafin takardarka ta zo labari ya riga ta. Mai facin da ke ƙasana ya hau bene da gudu, hannu duk baƙin mai, yana cewa, "Yayan Tsattsewa, ka ji abin arziki?" Haka ake kirana yanzu a layin nan. Mai shayi ma haka, har da ɗan sandan da ke ba da hannu a mararraba. Da ina da suna nawa na kaina, amma ba komai.

Na ji daɗi da na zama abin nishaɗi a teburinku. In sun sake neman dariya, ka ƙara musu da cewa mai cikin nan sau ɗaya aka taɓa sa sunansa cikin masu zuwa Babban Tsere, ana saura mako guda gwiwarsa ta tafi, ya kalli tseren daga gadon asibiti. Wannan ma akwai ban dariya in an iya ba da shi.

Batun mutum biyar kuwa, ba rabon gado ba ne balle in ware wa ɗan'uwa kaso. Ina duba zangunan bana ɗaya bayan ɗaya, in duba ƙafar kowa da ƙungiyarsa, in rubuta abin da na gani. Bana masu shirya tsere sun sa zangon duwatsu mafi wuya ya ƙare a gindin dutse, bayan doguwar gangara. Duk mai son ci sai ya iya saukowa.

Game da abin da ka tambaya, ba ni da sabon karatu. Abin da na gaya maka kana ƙarami shi ne dai: birki kafin kwana, ba cikin kwana ba, kuma ka kalli inda za ka fita, kada ka kalli inda kake tsoro. Sauran kuma kana da koci, kana da likitoci, kana da mutanen da ake biya don su saurare ka.

Allah ya ba da sa'a. Wassalam,
Yayanka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, amma gajeruwa, don raina a ɓace yake. Na kira ka har na gaji ba ka ɗauka, na zo ɗakinka na tarar da kwaɗo a ƙofa, shi ya sa na zura wannan ta ƙarƙashi. In ka ga dama ka taka ta.

Ina wurin aiki a asibiti, a ɗakin masu karaya, ina canza wa wani dattijo bandeji sai na ga jaridarku a kan gadonsa. Na ce bari in duba biyar ɗin Yaya. Dogo, Jan Gemu, Mai Tabarau, Ɗan Sanyi, Bature Ƙarami. Na sake karantawa daga ƙasa zuwa sama ko idona ne. Babu Auta. Na ce to, aikinsa ne, shi ya san abin da ya gani. Sai na kai ƙarshen shafi, inda ka rubuta wannan:

"Masu tambayar ina Tsattsewa, su sani tsuntsun ya zama uba. Tun da ya sami 'ya, hannunsa ba ya rabuwa da birki in titi ya jiƙe. Duk ƙungiyar da ke son ganin bayansa ta jira shi a gangara ranar ruwa."

Yaya, a ina ka samo wannan? Matar Auta ta zo gida tana kuka, ta ce ita ko da wasa bai taɓa gaya mata ba. Mutum ɗaya ne a duniya Auta zai buɗe wa cikinsa haka, kuma ni da kai mun san shi. Yanzu ga shi gidajen rediyo sun ɗauka, har an fassara shi a ƙasashen waje. An ce kocinsu ya kira shi ɗaki, kuma saura kaɗan a karɓe jagorancin.

Mama kuwa ta sa tabarau ta karanta, ta naɗe jaridar, ta mai da almakashin da ta ɗauko cikin gwangwanin zare. Da ta zage ka da ya fi min sauƙi.

Ka ba ni amsa, kuma kada ka yi min dogon turancin 'yan jarida.

Ƙanwarka,
Nas

*

Zuwa ga Nas,

Bayan gaisuwa, na ga takardarki, ban taka ta ba.

Kin ce kada in yi miki dogon turanci, to ga gajere. Abin da na rubuta gaskiya ne. Aikina ke nan in gaya wa mai karatu wa zai ci, wa ba zai ci ba, da dalili. Da wani mahayi ne na gano haka a kansa, da na buga, da kuma kin ce Yaya akwai ido. Biyar ɗin nan kuwa ki je ki tambayi duk wanda ya san keke. Dogo zai tara rata a zangon agogo, Jan Gemu ya fi kowa sanin lokacin kai hari, Mai Tabarau yana da ƙungiyar da ta fi ta kowa ƙarfi. Ban sa sunan kowa don ya burge ni ba.

Wannan ita ce amsar da na shirya miki, na kuma karanta ta na ga ta yi kyau. Amma ke ce, tun muna yara ba ki taɓa barin ƙaryata ta kai ƙofa ba.

Ranar da zan miƙa rubutun, edita ya kira ni ofishinsa. Ya ce daga bana ƙarƙashin sunana za a riƙa sa "yayan Tsattsewa" da ƙananan baƙaƙe, don jarida ta fi sayuwa. Shekara nawa ina cikin harkar keken nan? Tun yaron yana faɗuwa a kan keken da na ɗaure wa katako a feda don ƙafarsa ta kai. Daga nan na biya gida in gaida Mama, na tarar an cire hotona na falo, wanda nake sanye da rigar ƙungiya, an rataye nasa a kan ƙusar. Nawa yana can lungu kusa da mitar wuta. Mama ta ce, "Ai nasa ya fi girma ne, can ba zai shiga ba." Gaskiya ta faɗa, ya fi girma.

Na koma ɗaki da takardarsa a aljihu, wadda yake ba ni labarin yadda suka yi dariyar gorunan da nake ɗauka. Na zauna na ƙara sakin layin nan a ƙarshe.

Ƙyashi nake yi, Nas. Ga shi na rubuta miki da hannuna. Ina son yaron nan, kuma duk sanda na gan shi a talabijin ya ɗaga hannu sai in kau da kai. Ƙafar da aka ba shi ni na roƙa, tseren da zai shiga ni na yi mafarkinsa. Ni na share hanya, shi ya bi ta da fito.

Kada ki nuna wa Mama wannan. Ki gaida maigidanki da yara.

Yayanki

*

Yaya,

Salam. Ina fatan jarida ta sayu.

An dawo mana da wayoyi amma ba zan kira ka ba, saƙo kawai zan turo, don in na ji muryarka zan iya mantawa in gaishe ka da ladabi kamar kullum.

Manaja ya tambaye ni a gaban koci ko abin da yayana ya rubuta gaskiya ne. Na dube shi ido cikin ido na ce ƙarya ne, yayana tsohon mahayi ne da bai taɓa cin komai ba, baƙin ciki ke damunsa. Suka yarda nan take, ko gardama ba su yi ba. Ka ga ashe kowa ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

An bar min jagoranci. Jiya wajen gabatar da ƙungiyoyi Jan Gemu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya mai jego? A gaida birki." Gobe za a tashi. Ka kunna talabijin ɗin mai faci, ka zauna da kyau, ka ga ko hannuna zai taɓa shi.

Auta

*

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida gajiyarka. Nas za ta raka maman Kumatu wurinku ranar hutun tsere, ita za ta miƙa maka wannan hannu da hannu. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yaga.

Na kalla, kamar yadda ka ce. Shagon faci ya cika har titi ranar da ka karɓi rigar da ake sa wa wanda ke kan gaba a tseren. Mutane suna ihu, suna dukan bayana, suna cewa, "Ina hasashen naka, Yayan Tsattsewa?" Su gudu suka gani. Ni kuma na ga abin da ba su gani ba. A kwanar da ke bayan gada ka shiga ba birki, tayar baya ta zame, ƙafarka ta fita daga feda, kafaɗarka ta goge ƙarfen gefen titi. Bayan ƙarfen nan babu komai sai sarari. Mai sharhi ya ce jarumta ce. Ni na koya maka gangara, na san yadda kake saukowa in kana jin daɗi, kamar ruwa a kwata. Wannan ba shi ba ne. Wannan mutum ne da ya rufe ido yana faɗa da yayansa.

Tun ranar ban iya cin abin kirki ba. Na duba taswirar zangon da ke tafe bayan hutu, wanda zai ƙare a gindin dutse. Na taɓa saukowa ta hanyar a wani ƙaramin tsere. Ƙasa da ramin da titi ya ratsa cikin dutse akwai kwanoni a jere, ruwa yana tsiyayowa daga bango ko ba a yi sama ba, kuma an ce ranar za a yi. Gwiwata ma ta faɗa. Jan Gemu da Dogo za su kai maka hari a nan, domin ni na nuna musu wurin.

Auta, ka ja birki.

Na san yadda maganar nan za ta faɗo a kunnenka. Za ka ce Yaya yana so hasashensa ya fito daidai, yana so in sauka daga biyar ɗin farko don a ce ya iya. Na zauna na juya ta ta kowace fuska, na rasa yadda zan faɗe ta ka yarda. Da ban rubuta sakin layin nan ba, da kalma ɗaya ta isa. Ni na ɓata bakina da kaina, yanzu da nake buƙatarsa ba ya aiki.

Kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ƙyashin ya tafi ba. Da aka sa maka rigar nan a kan dandamali na ji shi, yana nan inda yake. Amma gara in yi ta jin sa har in mutu kana raye kana ƙara min, da a kawo min kai in rasa wanda zan yi wa.

Na roƙi edita ya bar ni in janye abin da na rubuta, ya yi dariya ya ce jarida ba ta taɓa sayuwa kamar makon nan ba. Ba ni da abin da zan ba ka shaida. Tsoron da ka gaya min ba ciwo ba ne, hankali ne ya zo maka. Ka saurare shi, ko da ba za ka saurare ni ba.

Allah ya tsare min kai.
Yayanka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, mun iso lafiya, kuma na cika aike. Na rubuto maka ta waya ne don na san kana can kana safa da marwa a ɗaki.

Mun same shi a otal, kwance kan teburin mai tausa. Ya rame, Yaya, haƙarƙarinsa duk a waje, kafaɗar hagu kuma ta yi ɓawon ciwo tun daga sama har gwiwar hannu. Na duba da kaina, an wanke shi da kyau. Da ya ga Kumatu sai ya tashi zaune ya karɓe ta, ta kama masa hanci, ya yi dariya irin tasa ta da.

Na jira har mai tausa ya fita sannan na ba shi takardar. Ya karanta a tsaye bakin taga. Da ya gama ya ce, "Kin gani ko? Saura kwana kaɗan in ƙaryata shi a gaban duniya, sai ga shi da wa'azi." Na ce, "Auta, ni na ga idon Yaya da zai ba ni takardar nan, tsoro ne a ciki." Ya ce, "Yaya Nas, ranar da ya karanta tawa ma ai da idon ya karanta."

Da za mu tafi, matarsa ta ɗauki safar Kumatu ƙwaya ɗaya ta sa masa a tafin hannu ta rufe. Bai yaga takardarka ba, bai kuma ce zai ba da amsa ba. Na ga ya tura ta ƙarƙashin hular kwanonsa a kan tebur.

Hadari ya haɗu a kan duwatsun tun da rana. Mama ta ce in gaya maka gobe ka je gida ku kalla tare, ba ta son zama ita kaɗai. Ka je, kada ka tsaya jin kunya.

Ƙanwarka,
Nas

*

Yaya,

Assalamu alaikum. An gama, ina gaishe ka.

Biyar ɗinka su ne biyar, har jerin bai kuskure ba. Ni ne na shida. An ce edita ya sa hotonka a shafin farko, da sunanka kai kaɗai. Ina taya ka murna.

Ka dai gani, na ja birki a ƙasan ramin. Suka wuce ni su duka, kuma babu wanda ya faɗi, ko zamewa ba wanda ya yi. Da na bi su wataƙila da rigar tana jikina yau. Ba zan taɓa sani ba, kai ma haka.

Na so in ce maka don Kumatu kaɗai na yi. Amma muryar da na ji a kwanar nan taka ce, ta bayan masana'antar bulo. Har yanzu ban san wanda ya rubuto min takardar nan ba, wanda ya koya min keke ne ko mai shafin jarida. Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce.

Ranar Asabar zan dawo. Kada ka zo filin jirgi cikin 'yan jarida. Ka zo gida, yarinya ta fara zama da kanta. Ka bar bironka a ofis.

Auta